Igwar Kanta Maƙeri

A Madarumfa, in aka ce aikin Kanta ne, ba a juya shi a duba. Fartanya ce, lauje ne, wuƙa ce, sai dai ka biya ka saɓa ka tafi. Shekara arba'in da ɗoriya yana bakin maƙera, ba a taɓa maido masa da aiki an ce ya ƙi ba. Ba shi da shanu, ba shi da ko moto mai taya biyu, gidansa na laka ne. Sunan nan shi ne dukiyarsa, kuma bai yarda ko ƙuda ya sauka a kansa ba.

Wata shekara, dawa ta fara nuna ke nan, jan-baki suka sauka bakin tafki. Ƙananan tsuntsayen nan ne masu zuwa kamar hadari, su faɗa gona su tashi su bar maka kara tsaye. Larai, matar Kanta, ta yi kwana uku tana kaɗa gwangwani a gonarsu har muryarta ta dishe. Rana ta huɗu ta zo maƙera ta dire gwangwanin a gabansa.

"Maigida, ga tamburanka. Ni na sauka daga sarautar tsuntsaye."

Kanta ya ajiye guduma. Ya dubi gwangwanin, ya dubi wani bututun ƙarfe na mataccen famfo da ke jingine a bango tun bara. Ya aika aka sawo masa karbir, farin dutsen nan da masu liƙin ƙarfe ke jiƙawa ya ba da iska mai kama wuta. Kwana biyu yana buge-buge. Arziki, taubashinsa, tsoho kamarsa, wanda ke juya masa ƙafar keken da ke hura wuta, ya tambaye shi sau tara abin da yake ƙerawa. Sau tara aka ce masa, "Juya keken."

Da suka kai abin gona suka kunna, sai da ƙasa ta amsa. Tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya, Arziki ya faɗa cikin kunya da hularsa a hannu, wani kare da ke wucewa ya miƙe hanya, ana cewa sai garin Safo aka gan shi.

Arziki ya tashi yana kakkaɓe riga. "Kai, la'ananne! Igwa ka ƙera ba ka faɗa mini ba? Da na mutu wa zai biya diyyata?"

"Diyyarka goro biyu ce, ina da su a aljihu."

Sunan ya bi ta. Igwar Kanta. Ba ta jifa da komai, ƙara ce zalla, amma dawar Larai ta tsira.

To, tsuntsu ba ya komawa gida don an yi masa tsawa. Gonar Hassan da ke maƙwabtaka suka koma. Kashegari Hassan ya zo maƙera da kuɗi jika goma sha biyar a hannu. Da igwar Hassan ta fara tashi, suka koma gonar Adamu, Adamu ma ya zo. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Kafin wata ya cika, igwa goma sha ɗaya ke amsa wa juna a kewayen tafki, masunta na zagi wai kifi ya nutse ƙasa, mai karbir a kasuwa ya ninka kuɗin kayansa. Wanda ba shi da jika goma sha biyar kuwa, gonarsa ta zama akushin tsuntsayen kowa.

Arziki yana juya keke ya ce, "Ka lura? Ko tsuntsu ɗaya bai mutu ba. Abin da za su ci suna ci, sai dai na talaka. Cikin garin nan ku biyu kuka ƙoshi, kai da mai karbir."

"Juya keken."

"Jiya na ga jan-baki uku zaune a kan igwar Adamu suna gyaran fiffike. Yanzu kowa babba zai ce a yi masa."

Haka kuwa aka yi.

Ana cikin wannan Alhaji Abdoul Aziz ya zo. Dillalin shanu ne daga wajen Gabi, mutumin kirki, ba mai yawan magana ba. Sau biyu ɓarayin daji na shiga garkensa, shanu sittin suka kora, suka ji wa makiyayinsa rauni. Ya sauko daga mota, ya sa aka sauke wani bututu mai kauri, irin wanda ake zura wa rijiyar burtsatse, mutum biyu na nishi da shi.

"Baba Kanta, na ji ƙarar igwarka tun daga hanya. Wadda nake so ba ta tsuntsu ba ce. Mai cin albarushi nake so, wadda za a ɗura wa duwatsu da guntayen ƙarfe. In sun sake zuwa su tarar da mai gida."

Kanta ya ci gaba da dukan laujen da ke gabansa.

"Jika ɗari uku kowace ɗaya," in ji Alhaji. "In ta farko ta yi, huɗu nake so."

Gudumar ta ɗan tsaya. Jika ɗari uku, fartanya ɗari biyu ke nan, aikin damina biyu. Amma ba wannan ya kama shi ba. Abin da Alhaji ya faɗa daga baya ne.

"Na fara zuwa Maradi wajen wani mai liƙin ƙarfe. Da na ce zan gwada ka, dariya ya yi. Ya ce maƙerin gargajiya iyakarsa lauje."

"Wa ya haife shi?"

"Ban tambaya ba, Baba."

"Larabar sama, bayan la'asar, a filin bayan gari. Ka gayyato wanda ka ga dama. Shi ma ka gayyato shi."

Kwana takwas wuta ba ta mutu ba a maƙera. Masu kawo lauje gyara suka yi ta komawa da abinsu. Ranar Lahadi aiki ya ƙare. Igwa ta fito baƙa, gajera, mai kaurin gindi, a kan ƙafafu biyu na ƙarfe. Kanta ya zagaya ta sau uku. Bai taɓa ƙera abin da ya kai ta kyau ba, ya kuma san haka.

Gidan su Kanta suna da al'ada tun kakanni. Ba a fid da sabon aiki daga maƙera sai an gwada shi a kan abin mai ƙirar. Aska, a kansa za a fara aski da ita. Fartanya, gonarsa za ta fara sara. Wuƙa, naman tukunyar gidansa za ta fara yanka. Wanda ya ƙera shi ke fara ɗanɗanawa, in da cuta ta tsaya a kansa. Abin da ya sa ba a maido musu da aiki ke nan.

Arziki ya tuna masa, yana murmushin mugunta. "To, bawana, wagga a kan wa za mu gwada? Kai za ka tsaya gabanta, ko Larai za mu roƙa?"

"Akwai tsohon rumbuna a gona. Ba komai ciki sai ɓeraye."

"Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi."

Litinin da hantsi suka ɗora ta a amalanken jaki, suka rufa mata buhuna. Ba wanda ya kula. A kwanakin nan ƙarar igwa a bakin tafki ta zama kamar carar zakara. Suka girke ta taku arba'in daga rumbun, Kanta ya ɗura albarushin da Alhaji ya kawo, ya ɗura duwatsu cikin tafin hannu uku. Ya duba hagu, ya duba dama, ba kowa. Arziki ya kwanta bayan jaki ya toshe kunnuwa.

Wannan ƙarar daban take da ta sauran. Gajera ce, mai nauyi, a ƙirji ake jin ta. Da hayaƙi ya washe, rabin rumbun babu. Arziki ya yi tsalle kamar ba tsoho ba.

"Ta yi! Wallahi ta yi! Ina ɗan Maradi ya zo ya gani!"

Kanta ya taka a hankali, ƙirji a gaba, ya zagaya bayan rumbun don ya ga iyakar inda duwatsun suka kai. Taku ashirin a baya akwai tsamiyar da suke hutawa a ƙarƙashinta. Nan ya tsaya. Fura ce malale a ƙasa, ƙwarya ta tarwatse, faifan da aka rufe ta da shi ya rabu biyu. Jikin tsamiyar ya ɓare fari fat, daidai inda kan mutum yake kaiwa in ya zauna ya jingina.

Sai ga Larai ta fito daga cikin dawa, da ganyen rama a haɓar zane. Ta biyo ta bayan gona ne ta kawo masa fura, ta ajiye, ta ce bari ta tsinko rama kafin ta kira shi. Ta dubi ƙwaryar, ta dubi itacen, ta dubi mijinta.

"Maigida, in furar ce ba ka so, ai sai ka faɗa."

Ba wanda ya yi dariya, har Arziki. Kanta ya sa yatsa cikin raunin itacen, ya ciro tsakuwa guda, da ɗuminta. Rumbu ya auna, ba tsamiya ba. Kafin ya kunna kuma ya duba hagu, ya duba dama, ya yi duk abin da mai hankali ke yi. Ya jefa tsakuwar aljihu, ya ce a ɗaura jaki.

A hanya ya yi ta faɗa wa kansa cewa laifin Larai ne da ba ta yi sallama ba. Kuma Alhaji na da gaskiya, shanunsa ne, guminsa ne. Wuƙa ma tana kisa, ba a daina ƙera wuƙa ba.

Talata da safe wani baƙo ya tsaya da moto a ƙofar maƙera. Saurayi ne mai tsabta, da rawani, da ladabi har ƙasa. Ya gaida Kanta, ya gaida Arziki, ya ajiye goro.

"Baba, a kasuwar Gabi na ji Alhaji Abdoul Aziz na labarin wata sabuwar igwa da kake yi masa. Irinta nake so. Abin da ya ba ka, zan ninka."

"Me za ka yi da ita?"

"Tsuntsaye, Baba. Sun hana mu sakat."

"Me ka shuka?"

Baƙon ya ce, "Rogo."

Arziki ya saki keken. "Ikon Allah! Jan-bakin garinku haƙa suke yi? Da fartanya suke zuwa ko da diga?"

Baƙon ya yi dariya tare da shi, ba kunya ba tsoro. Ya tambaya ko za a iya rage mata nauyi yadda moto zai ɗauka. Kanta ya dubi hannuwan baƙon, ba kanta ko ɗaya a tafin, ba alamar ƙota. Ya ce, "Gobe za a gwada ta a fili. Ka zo ka gani."

Da ƙarar moton ta yi nisa, Arziki ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ka san da kuɗin wa zai ninka? Da shanun Alhaji. Yanzu ya fi Alhaji kuɗi. In Alhaji ya girke huɗu, su takwas za su nema. Sannan mutanen Safo su zo, su ma a yi musu. Ka ga Hassan da Adamu? To, ga su nan sun dawo, sai dai wannan karon ba dawa za a ci ba."

Kanta bai ce a juya keke ba. Ya tashi ya shiga gida.

Larai na tsakar gida tana tankaɗe. Ya zauna a kan turmi, abin da bai taɓa yi ba.

"Zan ce wa Alhaji na fasa."

"Ka ce masa." Ba ta ɗago ba. "Sai ya ce don me. Ka ce don tana kisa. Kafin magariba duk ƙasar nan ta ji cewa Kanta ya iya, ƙi ya yi. Mai rawanin nan da na hango, kana ce roƙonka zai dawo yi? Ɗaukar ka za su yi da kai da gudumarka. In ba su same ka ba, kowane mai liƙin ƙarfe daga nan har Maradi zai ce in tsoho ya yi da gawayi, ni ma zan yi."

"To, me kike so in ce?"

"Ni? Ni mai kaɗa gwangwani ce." Ta buga rariya a tafin hannu. "Amma abin da aka ce an ƙi, shi ake nema. Wanda aka ce ya gagara, ba mai waiwayarsa."

Ya gane: so take igwar ta ƙi tashi ranar gwaji. Ya ji kamar an ɗora masa uwar maƙera a ƙirji.

"A gaban mutane? A gaban ɗan Maradi?"

"Kai ka ce a gayyato shi."

"Shekara arba'in, Larai."

"Na sani. Ina nan aka yi su." Ta ɗago ta dube shi. "Ƙwaryar nan da ka fasa ma ta kai ashirin."

Da azahar ya kori Arziki, ya ce ya je ya sha iska. Ya ja ƙyauren maƙera. Abin da ya yi wa gindin igwar bai ɗauke shi rabin sa'a ba, ya shafe wurin da danƙo da baƙin toka yadda ido ba zai gani ba. Aiki ne mai tsabta. Ko ɓarnar ma bai iya yin ta da ƙazanta ba.

Laraba bayan la'asar filin bayan gari ya cika. Masu tallan gyaɗa da rake sun zo, masunta sun bar taru, mata sun tsaya nesa da hannu a kunne. Alhaji Abdoul Aziz ya sa an kafa tsohon ƙyauren kwano a matsayin abin hari. Mai liƙin ƙarfe na Maradi na tsaye da baƙin tabarau. Can gefe, a kan moto, ga mai rawani.

Kanta ya zo da sabuwar riga. Ya ɗura albarushi a gaban kowa, ya ɗura duwatsu, ya sa aka matsa baya. Ya kai wuta.

Igwa ta yi shiru kamar tana tunani. Sannan ta saki wata doguwar ƙara ta baya, siririya, mai lanƙwasa, irin wadda ba a yi a gaban surukai. Hayaƙi ya tuɗaɗo ta gindi ya rufe sabuwar rigar. Tsakuwa uku suka gangaro daga bakinta suka faɗi nan gabanta, ɗaya bayan ɗaya.

Ba a san wanda ya fara ba. Filin ya kece da dariya, har da masu faɗuwa ƙasa. Wata tsohuwa ta ɗaga murya, "Alhaji, tusa ba ta hura wuta!" Aka sake kecewa. Ɗan Maradi ya cire tabarau yana share hawaye.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya matso. "Baba Kanta, a sake ɗurawa. Wataƙila albarushin ne ya yi sanyi."

Nan ne wurin. Kanta na iya cewa albarushi ne, kowa zai yarda, sunansa ya tsira. Ya ji maganar ta zo har bakinsa. Ya haɗiye ta.

"Albarushinka lafiya lau yake, Alhaji." Ya ɗaga murya yadda na kan moto zai ji. "Ƙarfen famfo ba ya riƙe wannan wuta. Na yi iyakar sanina. Ban iya ba."

Kalmomin nan uku ba su taɓa fita bakinsa ba tun yana yaro. Ya ɗauki babbar guduma, kamar mai huce haushi, ya hau igwar da duka har sai da bakinta ya haɗe, gindinta ya lotse, ba mai iya sanin abin da aka yi mata. Mutane suka ce tsoho ya ji kunya, a bar shi. Da ya ɗago, moton ya riga ya kama hanya.

Alhaji ya tafi ba sallama. Daga baya Kanta ya ƙera masa sarƙa da sakata na ƙofar garke, ya aika masa, bai karɓi ko dala ba. Alhaji ya karɓa, bai aiko da godiya ba, Kanta kuma bai ga laifinsa ba. Mutumin an cuce shi sau biyu a daji, sau ɗaya a fili.

Kafin Juma'a sunan ya canza. Ba a ƙara cewa Igwar Kanta ba, Tusar Kanta ake cewa, har ƴan mata suka sa ta a waƙar gaɗa. In ya ratsa kasuwa, sai wani ya yi ƙarar da baki daga bayan rumfa. Kanta ba ya waiwaya. Arziki, wanda ya ga rabin rumbu ya tashi da idonsa, bai taɓa tambayarsa komai ba. Cikin masu tsokanar ma shi ne kan gaba, don taubashi in ya yi shiru a irin wannan, sai a yi zargi.

Ran kasuwa Kanta ya baza kayansa a inda ya saba. Wata mata, Hafsatu mai tuwo-tuwo, ta tsuguna ta ɗauki wuƙa. Shekara goma sha biyar tana sayen wuƙa a wurinsa. Ta juya ta, ta duba ƙotar, ta ɗaga ta a rana, ta ƙwanƙwasa ta da farce.

"Baba, wagga dai tana yanka ko?"

Wuyan Kanta ya kumbura. Arziki ya daina taunar goro yana kallonsa. Kanta ya ja numfashi, ya laluba ƙarƙashin buhu, ya ciro guntun igiya ya miƙa mata.

"Gwada," in ji shi.